Zanen hannu ko bugun inji: ga abin da ke bangon falona

Maman Ilham, tunda kin ce tsakanin zanen teku na hannu da bugun inji ne, na hannu za ki saya, ko da ɗan ƙarami ne.

Nawa tun 2006 yake wurina, lokacin Baban yara na aiki a Legas. Wata ranar Lahadi ya kai ni Bar Beach, can gefen titin Ahmadu Bello a Victoria Island. Ni 'yar Jos, duwatsu na sani, ban taɓa ganin ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar ba. Da la'asar sakaliya ruwan ya yi ja kamar an zuba manja, kafin in gama kallo ya koma toka-toka. A hanyar fita muka tarar da wani dattijo ya jera zanuka a ƙasa, ɗaya ya kama wannan jan daidai. Na nace sai da aka saya mini, Baban yara na ta mita wai kuɗin cefanen sati ne.

Fentin mai ne a kan kyalle. Kumfar igiyar ruwan da kauri aka ɗora ta, in kin sa yatsa za ki ji tudu. Shi ya sa da safe kamarsa daban, da yamma in haske ya shigo ta gefe sai kumfar ta yi inuwa, ki rantse motsi take. Yau ko kin je Legas ba za ki ga wurin ba, an cike shi da yashi an kafa sabon birnin Eko Atlantic a kai. Bar Beach ɗin da na tsaya a kai saura wanda ke falona a Kubwa. Kuma ba mutum ba tsuntsu a ciki, ko surukata da ke tsanani kan hotuna ba ta taɓa cewa a sauke shi ba.

Bugun inji kuwa na saya wa ɗakin baƙi, da arha, ba laifi. Shekara biyu rana ta cinye jan, ya zama kamar an tsoma shi a bula.

Sai dai ki yi hattara da wasu masu talla a kan titi da Instagram. Bugawa suke a kyalle, su shafa wani abu mai ƙyalli a sama ya yi tudu-tudu, su ce miki aikin hannu ne. Ki haska fitilar waya daga gefe, ki kuma ja hoton kusa da kyamara. In kin ga ɗige-ɗige ƙanana, ko tudun bai bi layin igiyar ruwan ba, ki ajiye musu kayansu. Kada ki tura kuɗi sai kin riƙe shi a hannu.

In kin saya, ki rataye shi nesa da taga da hayaƙin kicin. Ƙurar hunturu kuma da burushi mai laushi ake kaɗe ta, kada yarinyar gida ta kusance shi da jiƙaƙƙen tsumma.