Lise ta Gwamnati a Garwa ko Makarantar Ƙasa da Ƙasa a Yawunde: Amsa ga Tambayar Hajiya

Hajiya, barka da arziki, Allah ya sanya albarka a BEPC ɗin da 'yarmu ta samu, wato takardar kammala ƙaramar sakandare. Tambayar da kika kawo wa zauren iyaye ita ce: ƙanin maigidanki da ke Yawunde ya aiko muku da mujallar ƙarshen zango ta makarantar ƙasa da ƙasa da 'ya'yansa ke zuwa, kun ga kyaututtuka da hotunan tafiye-tafiye da majalisar ɗalibai, ya kuma nemi a ba shi yarinyar ta yi shekaru ukun da suka rage mata a can, to wanne ya fi mata tsakanin wannan da lise, wato makarantar sakandare, ta gwamnati a nan Garwa? Na daɗe ina koyarwa a lise, kuma ra'ayina shi ne abin da ke cikin mujallar gaskiya ne kuma yana da amfani, sai dai ba shi ne ya kamata ya yanke hukuncin ba.

Da farko a tantance wace iri ce makarantar, domin ba tsarinsu ɗaya ba. Akwai masu bin manhajar Faransa ƙarƙashin AEFE, hukumar Faransa mai kula da makarantunta na ƙasashen waje, da aka kafa a 1990, irin su Fustel de Coulanges a Yawunde da Dominique Savio a Duwala da Montaigne a Injamena. Akwai kuma masu koyarwa da Ingilishi, waɗanda ke bin tsarin Amurka, ko jarrabawar IGCSE ta Kambirij, ko takardar IB, wato shaidar kammala sakandare ta ƙasa da ƙasa, wadda cibiyarta ke Janeba tun 1968. Yarinyar da ta yi karatunta da Faransanci tun daga firamare za ta shiga ta farkon ba tare da wahalar harshe ba, amma a ta biyun sai ta yi fama da Ingilishi a daidai lokacin da darussa suke ƙara nauyi.

A lise ɗinmu, nasarar zango lamba ce bisa 20. Ranar raba bilten, wato takardar sakamako, ɗalibi yana duba abu uku: matsakaicin makinsa, matsayinsa a aji, da ko majalisar malamai ta sa shi a allon girmamawa ko ta yi masa jinjina. Na sha ganin yarinya ta karɓi takardarta, ta juya wa jama'a baya ta leƙa gurbin matsayi kafin komai, ta ga ta zo ta uku cikin aji mai cike maƙil, hannunta na rawa. Wannan matsayi ba ƙaramin abu ba ne, domin a cikin cunkoso da ƙarancin littattafai aka same shi, kuma shi ne ke gina juriyar da ake bukata a gaba, tun da a tsarin Kamaru wanda bai ci jarrabawar probatuwar a ƙarshen aji na kusa da ƙarshe ba, ba zai shiga ajin ƙarshe ba balle ya zauna bak, wato jarrabawar kammala sakandare. Aibin wannan ma'auni shi ne ƙuncinsa: yaron da ya iya zane, ko jawabi, ko sasanta abokansa, in makinsa 9 ne, babu gurbin da za a rubuta masa wannan baiwa.

A makarantun ƙasa da ƙasa an faɗaɗa ma'aunin da gangan, shi ya sa mujallarsu take cika. A tsarin IB ɗalibi yana ɗaukar darussa shida, kowanne maki 7, da ƙarin maki 3 daga dogon rubutun bincike na kalmomi 4,000 da darasin nazarin ilimi, jimilla 45, ana kuma bukatar aƙalla 24. Bayan haka akwai sashen da suke kira CAS, wato ƙirƙira da motsa jiki da hidimar jama'a, wanda ba shi da maki amma in ba a cika shi ba babu takarda. A bak ɗin Faransa kuwa, tun gyaran da ya fara aiki a 2021, kashi 40 cikin 100 na sakamako daga aikin aji yake fitowa, kuma akwai babbar jarrabawar baka da ɗalibi zai tsaya gaban malamai ya kare batun da ya shirya. Saboda haka hoton yara suna dashen itatuwa ko suna muhawara ba ado ba ne kawai, wani ɓangare ne na karatun. Amma Hajiya ki tuna cewa mujalla ofishin makaranta ne yake shirya ta domin iyaye masu biya da masu niyyar biya. Ki ƙirga fuskokin da ke ciki, za ki iya tarar da yara kaɗan ne suke maimaituwa daga shafi zuwa shafi.

Batun tafiye-tafiye ba ya bukatar dogon bayani, domin a nan sun fi mu nesa ba kusa ba. Suna tsara tafiya tun farkon shekara, da inshora da takardar izinin iyaye da aikin da ɗalibi zai rubuta in ya dawo, kuma sau da yawa kuɗin tafiyar daban yake da kuɗin makaranta. Mu kuwa sai an dace da malamin tarihi ko na kimiyya mai himma, da ƙungiyar iyaye ta APEE da ta yarda ta biya mota. Abin da ke ci mini rai shi ne ba wuraren zuwa muka rasa ba. Madatsar ruwa ta Lagdo da 'yan Sin suka gina a kan Binuwai, aka gama a 1982, ita ke ba mu wuta, amma ɗalibai da yawa sun haddace darasin lantarki ba su taɓa ganin injinanta ba. Makarantar koyon kula da namun daji tana cikin garin nan tun 1970, masana'antar auduga ta Sodecoton ma tana nan, kwazazzabon Kola yana kusa da Gidar, ga gandun dajin Binuwai a kan hanyar Gaundare. Gandun dajin Waza ne kaɗai zan ce a yi hattara da shi, domin tun sace wasu iyalai Faransawa a yankin a Fabrairun 2013 da rikicin da ya biyo baya, harkar ziyara a can ba ta koma yadda take ba.

Shugabancin ɗalibai shi ne inda na fi so a tsaya a duba da kyau, domin sunan ɗaya ne amma aikin ya bambanta. Shugaban aji a lise ɗinmu shi ne mai ɗauko kundin darussa da na kiran suna daga ofis da safe, mai tsara masu shara, mai rubuta sunayen masu surutu in malami bai zo ba ya miƙa wa mai kula da ɗa'a. Yarinya 'yar shekara 16 da za ta tsaya gaban aji cike da samari waɗanda wasunsu sun girme ta, ta sa su yi shiru ba tare da sanda ba, ta koyi abin da ba a koyarwa a littafi. Haka nan mai jan layin makarantarsu a faretin ranar matasa ta 11 ga Fabrairu, bayan makonni ana atisaye cikin ƙurar hunturu, ko shugabar ƙungiyar ɗalibai da ke haɗa kulob-kulob a ranar Laraba da rana, ko kyaftin ɗin da ya kai tawagarsa wasannin makarantu na ƙasa na FENASSCO. Sai dai mu faɗi gaskiya, yawancin wannan aiki wakilcin hukumar makaranta ne a wurin ɗalibai, ba wakilcin ɗalibai a wurin hukuma ba. Ana koya wa yaron ya tsare doka, ba a cika tambayarsa ra'ayinsa a kan dokar ba.

A makarantar tsarin Faransa kowane aji yana zaɓen wakilai biyu ta hanyar ƙuri'a, kuma waɗannan wakilai suna zama a majalisar aji ta ƙarshen zango tare da shugaban makaranta da malamai da wakilan iyaye, a lokacin da ake bin sunayen ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. Wakiliya tana iya ɗaga hannu ta ce makin wance ya faɗi ne saboda jinyar mahaifiyarta, a kuma saurare ta. A masu Ingilishi akwai majalisar ɗalibai da kwaikwayon zaman Majalisar Ɗinkin Duniya, inda yaro zai wakilci wata ƙasa ya kare matsayinta da hujja. Wannan horo na magana gaban manya cikin ladabi ba tare da rawar murya ba shi ne, a ganina, babban abin da suka fi mu da shi, kuma 'ya'yanmu mata sun fi kowa bukatarsa, domin kunyar da muka tarbiyyantar da su a kai, wadda abin alfahari ce, wani lokaci tana hana su neman haƙƙinsu a ofis ko a jami'a.

Duk da haka, abin da zai raba gardama shi ne inda kuke so ta dosa bayan shekaru ukun. In burinku jami'ar Gaundare ce ko ta Marwa ko sabuwar jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, ko jarrabawar shiga makarantar likitanci ko ta horon malamai, to bak ɗin Kamaru shi ne hanya miƙaƙƙiya, domin a kan manhajarsa ake gina waɗannan jarrabawowi, mai takardar waje kuwa sai ya nemi a daidaita masa ita a ma'aikatar ilimi mai zurfi. In kuwa kun ƙudura karatu a waje kuma akwai halin ɗaukar nauyinsa, takardar IB ko bak ɗin Faransa tana sauƙaƙa neman gurbi. Abin da nake tsoro shi ne a fara a kasa ƙarasawa, domin yarinyar da aka dawo da ita bayan shekara biyu za ta tarar ba ta da probatuwar, dole ta koma baya. Wanda ya hau dokin aro, ba shi ke zaɓen inda zai sauka ba, don haka a zauna da baffan nata a ji ƙarara ko alkawarinsa ya haɗa da shekaru ukun duka, da kuɗin jarrabawa da na tafiye-tafiye, da kuɗin motar Gaundare da jirgin ƙasa na dare a kowane hutu.

Shawarata, Hajiya, in dai ba a samu wannan tabbaci ba, a bar ta a Garwa a gabanki, a nemi lise mai kyakkyawan sakamako, a ƙarfafa mata gwiwa ta tsaya takarar shugabancin aji ta kuma shiga kulob ɗin jarida ko na harsuna biyu, ke kuma ki shiga APEE ki kawo batun ziyarar Lagdo a taron farko na Satumba, ni ma zan mara miki baya. In kuma tabbacin ya samu, kafin a biya ko sisi a je makarantar ido da ido a tambayi ɗalibai nawa ne a aji, nawa ne suka je tafiyar bara, ina waɗanda suka gama suka samu gurbi, ko akwai wurin salla, da abin da dokarsu ta ce game da lulluɓi da abincin da ake ba yara a lokacin tafiya.