Wata takwas da kwamfuta mai furosesa biyu

Sana'ata haɗa bidiyon biki da walima. Bayan Sallah aiki kan taru mini, kuma tsohuwar kwamfutata da zarar ta fara fitar da bidiyo sai in naɗe hannu, ko hoto ɗaya ba ta barina in taɓa. Shi ya sa na sayi babba ta tebur, wadda aka taɓa amfani da ita, mai furosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) biyu, samfurin Xeon E5-2680 v4. Kowace tana da kor 14, wato sassan da kowanne ke iya ɗaukar nasa aikin, jimilla 28, ga RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi, gigabait 64.

Ranar farko gabana ya faɗi, don da na duba, furosesa ɗaya kaɗai ke aiki. Ashe mai shagon Windows 10 Home ya ɗora, Home kuwa furosesa ɗaya yake gani, sai Windows 10 Pro ne ke ɗaukar biyu. Mai gyarana ya canza shi, ya buɗe murfin ya ce, "Malam, dubi nan." Sandunan RAM huɗun duk a gefe ɗaya aka jera su. Kowace furosesa da nata ramukan, in kuma sai ta ɗebo daga na 'yar'uwarta, aiki na yin nauyi. Ya raba su bibbiyu.

Tun daga nan na san daɗinta. Ina fitar da bikin wani, ina matse na wani don turawa ta WhatsApp, ina kwashe katin kyamara, kuma ina yanka na uku, ba ta ko gezau. Bidiyon da a da sai na kwana a kansa, yanzu kafin la'asar ya isa hannun mai shi.

Amma a aiki guda ɗaya ba ta da zafin nama. Gudunta 2.4 GHz ne, kuma sabuwar laftof ɗin ƙanena ta fi ta saurin gyaran hoto. Wanda aikinsa rubutu da intanet ne, kada ya wahalar da aljihunsa. Furosesar ta 2016 ce, ba ta cikin jerin waɗanda Windows 11 ke karɓa, a san da wannan kafin a biya kuɗi.

Abin da ya fi damuna wuta. Kowace furosesa na iya jan wat 120, ban da katin da ke sarrafa hoto. Da dare batiran inbata ba sa jure mata, a watan Afrilu kuwa iskar da ke fita ta bayanta kamar ta bakin murhu. Yanzu manyan ayyukan da rana nake tara su, daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da sola ke da ƙarfi.