Lemun tsami mai aure a tukunya: irin ya yi kyau, dasawar ce ta ɓata min rai

Dashe uku na ɗauka a wajen masu renon bishiyoyin nan na bakin titi, lemun tsami biyu da tanjarin ɗaya, duk masu aure (wato an haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin wani lemon), na ƙara kuɗi don su dasa min a tukwanen roba su kawo gida. Iri dai kam ba laifi. Wurin auren ya warke sarai, ganyen kore shar, babu darɓa ko tsutsar nan mai kama da kashin tsuntsu.

A sati na biyar lemun tsamin suka fara rawaya suna zubar da ganye, alhali ƙasar a jiƙe take ko an kwana uku ba a zuba ruwa ba. Da na kira mai wajen, cewa ya yi in ƙara ruwa. Wallahi da na bi shawararsa da duka sun tafi. Kifa tukunyar da aka yi ne ya tona asiri: baƙar ledar reno tana nan a jikin saiwa, gindinta kawai suka yaga. Saiwar ta nannaɗe a ciki kamar gammo, ta yi ruwan ƙasa, in ka ja ta bawonta ya saɓule, ga warin ruɓa. Ƙasar kuma lakar fadama ce, huda ɗaya tal a gindin tukunya. Abin da ya fi ƙona min rai, sun binne wurin auren, har ƙaro ya fara fita a gindin ɗaya. Lemo ba ya jure kwanciyar ruwa, duk mai wannan sana'a ya san haka.

Wanda irin wannan ta same shi, ga abin da ya ceci ɗaya daga ciki. A cire ledar, a yanke duk saiwar da ta ruɓe da almakashi mai tsabta, a bar farare masu tauri. Tukunya mai lita 25 ta ishi ƙaramin dashe, a ƙona ƙarfe a yi mata huda shida zuwa takwas, a ɗora ta kan bulo don ruwa ya wuce. Haɗin ƙasa: kashi biyu ƙasar lambu, kashi ɗaya yashin rafi, kashi ɗaya takin shanu da ya ruɓe sosai, ba ɗanye ba. Wurin aure ya tsaya sama da ƙasa kamar faɗin tafin hannu. A bar shi a inuwa kwana goma, sannan a fito da shi inda zai sami rana aƙalla awa shida. Kada a sa takin zamani sai sabon ganye ya fito, daga nan cokalin cin abinci ɗaya na NPK 15-15-15 a gefen tukunya, nesa da gindi, duk bayan sati shida. Ban ruwa kuwa sai ka cusa yatsa gaɓa biyu ka ji ƙasar ta sha iska. Da bazara a naɗe baƙar tukunya da buhu, don zafinta na dafa saiwa.

Tanjarin ɗin bai yi ciwo ba, shi an cire masa leda, yanzu har ya yi fure mai ƙamshi, na kusa yafe musu saboda shi. Sai kuma ga wasu rassa masu ƙaya suna tsirowa daga ƙasan wurin aurensa, suna ta gudu fiye da na sama. Waɗannan na uwar gindi ne, wato lemon ƙasan da aka yi auren a kansa, in ba a tsinke su tun suna ƙanana ba su ke shanye abincin, a ƙarshe ka tashi da wani lemon daban. Ko kalma ɗaya ba su faɗa min a kai ba, kuma ɗayan lemun tsamin da ya bushe sun ce ba sa canzawa.

Zan iya sake sayen dashensu, amma a cikin ledarsa, in duba saiwa da idona, in dasa da hannuna. Kuɗin dasawar nan kam na yi asararsa.