Haɗin ciwon hanta na wani shagon magungunan Musulunci a Kano

Shagon yana cikin birni, ba nisa da Kasuwar Kurmi, kuma abin da ya fi jawo masa jama'a shi ne wani haɗi da yake sayar wa masu ciwon hanta: zuma, man habbatus sauda, garin zogale da garin kurkum, sai kwalbar maganin ƙarin jini da ake ɗorawa a kai ga duk wanda ya koka da kasala. Na san haɗin ne ta hanyar yayata, wadda take ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma gajiya ta hana ta sakat har aikin gida yana neman gagarar ta.

Wurin yana da tsafta, zumarsa ba gauraye ba ce, kuma mai shagon mutum ne mai haƙuri da sauraro. Abin da ya fi burge ni shi ne bai taɓa ce wa yayata ta ajiye ƙwayar tenofovir da likita ya ɗora ta a kai ba. Cewa ya yi: "Hajiya, ki riƙe na asibiti, namu taimako ne, waraka kuma ta Allah ce." A garin da ake yawo da lasifika ana alkawarin kawar da ciwon hanta cikin mako guda, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin dakatar da wannan magani kwatsam yana iya sa cutar ta taso da ƙarfi.

Inda nake da ja shi ne kwalbar ƙarin jinin. A wurinmu, da zarar mutum ya ce jikinsa ba ƙwari sai a yanke cewa jininsa ne ya yi ƙasa, alhali kasalar mai ciwon hanta sau da yawa daga cutar kanta take, ko daga rashin barci da damuwar da ke biyo bayan jin sakamakon gwaji. Magungunan ƙarin jini galibinsu sinadarin ƙarfe ne a ciki, hanta kuwa ita ce rumbun da jiki yake adana shi, kuma jiki ba shi da wata hanya ta musamman ta fitar da wanda ya yi masa yawa. Hantar ce ma take samar da wani sinadari mai suna hepcidin, wanda yake taƙaita yawan ƙarfen da hanji zai tsotsa daga abinci. Idan hepcidin ɗin ya ragu, kamar yadda ake gani musamman a ciwon hanta nau'in C, sai ƙarfe ya riƙa taruwa yana ƙara wa hantar tabo. Ba ina cewa mai ciwon hanta ba ya samun ƙarancin jini ba ne, mata masu haila da masu juna biyu suna samu sosai. Sai dai gwaji ne kawai yake bambancewa: a duba yawan jini, a duba feritin, wato sinadarin da yake nuna yawan ƙarfen da jiki ya adana, kuma da yake kumburin hanta kaɗai yana iya ɗaga feritin, likita yakan haɗa da wani gwajin kafin ya yanke hukunci. Ana yin irin waɗannan gwaje-gwaje a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da manyan ɗakunan gwaji na cikin gari. Na yayata ya nuna jininta bai yi ƙasa ba, don haka likita ya ce ta ajiye kwalbar. A shagon ba wanda ya tambaye ta takardar gwaji kafin a miƙa mata, kuma wannan ya dame ni ƙwarai, ganin cewa binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B. Masu shiga irin wannan shago da kukan gajiya ba kaɗan ba ne.

Kurkum ma yana buƙatar hattara. Wanda ake barbaɗawa a girki ba shi da laifi, amma likitoci a Amurka da Italiya sun ba da rahoton raunin hanta ga masu shan sa da yawa a matsayin magani, garin kurkum na shagon kuma ba a rubuta masa awo ba. Wasu kayan suna ɗauke da lambar hukumar NAFDAC, sai dai mai saye ya sani cewa lambar da ta ƙare da harafin L ba shaidar cewa maganin yana warkarwa ba ce.

Zan ci gaba da sayen zuma a wurin, kuma ba zan hana kowa man habbatus sauda ba matuƙar likitansa ya san yana sha. Haɗin gaba ɗaya kuwa ba zan ba mai ciwon hanta shawarar ya saya ba har sai an cire kwalbar ƙarin jinin daga ciki. Na faɗa wa mai shagon haka cikin ladabi, ya saurara da kyau, ya kuma ce zai tambayi wani likita da suke salla a masallaci ɗaya.