Bindigar kare gida a Zariya: wacce za ka nema, wacce za ka bari

Duk mai tunanin sayen ƙaramar bindiga ya soke a ƙugu, gara ya san matsayin doka tun kafin ya tambayi farashi. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, kuma Shugaban Ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Wanda aka kama da ita ba takarda, ɗaurinsa ba ya gaza shekara 10. Ita ma wadda ake kira fam-akshin, da ake yawan gani a hannun 'yan sintiri, ba ta cikin jerin da aka halatta wa mutum, domin dokar ta cire duk bindigar farauta mai ɗura wa kanta harsashi da inji.

Cikin abin da ya rage wa magidanci a Samaru ko manomi a hanyar Giwa akwai uku: bindigar toka, da bindigar farauta mai baki ɗaya, da mai baki biyu. Ta toka Kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da lasisinta, sauran biyun kuwa ikon Sufeto Janar ne. A 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, don haka ka fara zuwa hedikwatarsu a Kaduna ka ji inda aka kwana kafin ka fitar da ko sisi.

Bindigar toka ba ta kare gida. Harbi ɗaya ne, ɗuri ya ci lokaci, da damina kuma albarushi ya sha danshi ya ƙi tashi. Mai baki ɗaya tana da araha da sauƙin ɗauka, sai dai ita ma ɗaya ne tak.

Mai baki biyu, lamba 12 (ma'aunin faɗin bututu ke nan), ita ce zaɓina. Karya ta ake yi a ɗura, saboda haka da ido kake ganin ko da harsashi a ciki ko babu, kuma a gidan da yara suke wannan ba ƙaramin abu ba ne. Irin mai kunama biyu ta fi, don kowane baki da kunamarsa, idan ɗaya ya ƙi ɗaya zai tashi. Kayan cikinta kaɗan ne, ƙurar hunturu ba ta cika hana ta aiki ba. Baikal ta Rasha, samfurin IZH-43, tana da nauyi kuma ba ta da ado, amma tana jure wahala.

Idan tsohuwa ce, cire katakon gaba, rufe ta, riƙe gindin ka girgiza. In ka ji motsi a mahaɗa, ta sake, bar ta. Ɗaga bututun wajen haske ka leƙa: ramukan tsatsa, lotsawa ko kumburi kamar zobe duk alamar haɗari ce. Duba tsawon ɗakin harsashi da aka buga a jikin ƙarfen, milimita 70 ko 76. Harsashin 76 yana shiga ɗakin 70 lafiya lau, kuma a nan matsalar take: idan ya tashi bakin kwanson ba ya samun wurin buɗewa, matsin ya haura abin da ƙarfen zai ɗauka. Haka harsashi lamba 20, da yake ya fi siriri, in ya faɗa cikin bindiga lamba 12 zamewa yake ya maƙale a gaba, ka ɗora wani a bayansa, bututun ya fashe. Kada a ajiye su wuri ɗaya.

Maganar girman ƙwayoyin da ke cikin harsashi kuwa, lamba 6 na tsuntsu ne. Masu manyan ƙwayoyi da ake kira BB da AAA sun fi nauyi, amma suna huda ƙofar katako da kwanon rufi, kuma gidajen cikin birni bango ɗaya ke raba su.

Inda aka fi cutar mutane shi ne wajen jabu. Akwai ƙirar gida da ake yi da bututun famfo, a shafa baƙin fenti, a buga sunan kamfanin waje. Bututun ruwa yana da ɗinkin walda a tsawonsa, ta nan yake tsagewa, daidai inda hannun hagu ke riƙe. Harufan jabu ba sa tsayawa a layi, zurfinsu ma ba ɗaya ba. Lambar bindiga kuwa dole ta zo daidai a bututu, a jiki, da kan takarda. In ka ga alamar goga a wurin, wataƙila ta sata ce ko an yi ta'asa da ita, kai kuma za ka amsa. Akwai harsashin da aka sake cikawa: bakin kwanson a tauye, wani lokaci an toshe shi da kakin kyandir, hular gindin tana da tabon duka. Ba wanda ya auna albarushin ciki. Sai dillalin da zai ce maka "Alhaji, kawo kuɗi, gobe lasisi ya fito." Lasisi da sunan mutum ɗaya da lambar bindiga ɗaya ake yinsa, ba a aronsa, ba a gadonsa. Ta marigayi ma sai magada sun kai rahoto wurin 'yan sanda kafin wani ya riƙe ta.