Man giyar atomatik: a zubar a ƙara, ko a wanke da na'ura?

Idan ka kai Camry ko Corolla gareji don canza man giya, bakanike zai ba ka zaɓi biyu.

Na farko, ya kwance noti a ƙasa, mai ya tsiyaye, ya zuba sabo daidai abin da ya fita. Abin da ke fita bai kai rabi ba, sauran na maƙale cikin kwanbata (ɓangaren da ke haɗa inji da giya) da bututun sanyaya mai. Amma aikin da araha, ba ya tayar da dauɗar da ta kwanta. In ya sauke kwanon ƙasa, ya goge maganaɗisun da ke kama garin ƙarfe, ya canza filta, to ka ci riba. Honda ma wannan hanyar ta zubarwa da ƙarawa take so, a maimaita sau 3 ana ɗan tuƙa motar tsakani.

Na biyu, na'ura ce ke tura sabon mai tana korar tsohon kusan gaba ɗaya. Ga motar da aka saba kula da ita, babu laifi. Ga tokumbo da man giyarta ya yi baƙi yana warin ƙuna, ni dai ba na yarda. Dauɗar da ta taso tana iya toshe ƙananan hanyoyin mai, giya ta fara zamewa ko fizga.

Da zafin watan Afrilu da cunkoson Kano, gara a riƙa zubarwa ana ƙarawa akai-akai. Kuma a duba littafin motar: Toyota mai buƙatar man giya nau'in WS ba a zuba mata nau'in T-IV.