Mujallar takarda ko rijistar intanet?

A 2007 kamfanin Wizards of the Coast na Amurka, mai mallakar wasan tebur na labaran jarumai da dodanni da ake kira Dungeons & Dragons, ya sa aka daina fitar da mujallunsa Dragon da Dungeon a takarda, ya mayar da su intanet, daga baya sai wanda ya biya kuɗin wata ke karantawa. Dragon tun 1976 take fitowa, shi ya sa masoyanta da yawa suka ji kamar an yi musu rasuwa a gida.

Da muka ɗauko zancen a fada nan Maraɗi, ana shan shayi, sai kawuna suka rabu. Masu son takarda suka ce abin da ka saya naka ne. Mujalla ɗaya takan zagaya hannun mutum goma, ko wuta ta ɗauke ka haska da tocila ka ci gaba. Maƙiyanta gara ne da ruwan damina, sai kuma abokin da ya ara bai mayar ba.

Ta intanet kuwa ta fi saurin isowa. Wa zai kawo maka mujallar Amurka har Babbar Kasuwa? Amma sai da forfe da caji, ga biyan kuɗin yana son katin banki, wanda ba kowa ke da shi ba. Kuma haya ce: ka daina biya, a rufe maka ƙofa.

Ni dai takarda na fi so. Dragon ta intanet ɗin ma an dakatar da ita a ƙarshen 2013, alhali tsofaffin kwafin takarda suna nan a hannun waɗanda suka adana su.